Filin Mota: Kafin Ka Zagi Batir, Auna Fuli

A wannan watan filin namu zai leƙa ƙarƙashin bonet na tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504, da Datsun, da Volkswagen Beetle, waɗanda har yanzu wasu daga cikinmu ke riƙe da su, wani don gado ne daga mahaifi, wani don sha'awa, wani kuwa don ita ce abincinsa. Ƙorafin masu irin waɗannan motoci kusan guda biyu ne kullum: batir ba ya riƙe wuta, kuma inji yana zafi. Sai a sayi sabon batir, a wanke lagireto, a cire wannan a ɗaura wancan, cuta tana nan. Sau da yawa mai laifin yana gaban kowa yana juyawa, ba wanda ya dube shi. Shi ne fuli, wato faifan ƙarfen nan mai kwari a baki wanda fambel ke zagayawa a kansa.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela ya riga ya san sirrin. A keken ɗinki na ƙafa, babbar ƙafar ƙasa takan juya sau ɗaya, ƙaramar ta sama ta juya sau da dama, alhali igiya ɗaya ce ta haɗa su. Haka abin yake a mota. Fulin ƙasa, wanda ke kan karanshaf, shi ne mai ja. Na altaneta da na famfon ruwa su ne ake ja, kuma a yawancin tsofaffin motoci fanka tana ɗaure ne a goshin famfon ruwan. Saboda haka fambel guda ne ke ɗauke da caji da sanyin inji gaba ɗaya.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Raba faɗin fulin ƙasa da faɗin wanda ake ja, abin da ya fito shi ne yawan juyin da na biyun zai yi duk juyi ɗaya na inji. A ɗauka na ƙasa santimita 15 ne, na altaneta 6. Amsa ita ce biyu da rabi. In inji yana silo a kan juyi 800 a minti, altaneta tana yin 2,000, kuma a nan tana ba da wuta sosai. To, sai altanetar ta lalace, a je Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Accra a samo wata da aka ciro daga wata mota. Ƙusoshi sun shiga, waya ta haɗu, kowa ya ce madalla. Amma fulinta santimita 9 ne. Yanzu a silo juyinta ya koma wajen 1,330, kusa da inda altaneta da yawa ke fara ba da wuta da ƙyar. Kunna fitilu da rediyo da dare, ka tsaya a cunkoson Kejetia, mota ta koma cin batir. Gobe da asuba sai turi. Batirin nan bai yi laifin komai ba, ana ɗibarsa ne ba a mayar masa.

Abin da ke rikita mutane, har da wasu makanikai masu furfura, shi ne cewa ƙanƙanta tana aiki ta fuska biyu. Ƙaramin fuli a kan altaneta ko famfo yana ƙara musu gudu. Ƙaramin fuli a ƙasa kuwa yana rage wa dukkansu gudu a lokaci guda.

Wannan ya kawo mu ga wata shawara da samarinmu ke tsintowa a intanet, wai a sa ƙaramin fulin ƙasa don mota ta ƙara ƙarfi. Maganar ba ƙarya ba ce. Fanka tana cin ƙarfin inji, kuma cinta yana hauhawa fiye da gudunta nesa ba kusa ba. In ka rage mata gudu da kashi 20 cikin ɗari, ƙarfin da take ci zai ragu kusan da rabi, domin 0.8 sau 0.8 sau 0.8 ya ba da 0.512. Amma ka tuna iskar da take hurawa ita ma ta ragu da kashi 20, haka ruwan da ke zagayawa, haka gudun altaneta. Masu tseren motoci a Amurka da Turai suka ƙirƙiro dabarar, mutanen da ke taka totur har ƙasa na ɗan lokaci sannan su kashe inji. Abin da suke samu ƙarfin doki kaɗan ne, shi ma sai inji yana kuka a sama. Kai da za ka yini kana rarrafe a bayan tirela a zafin Tamale na watan Maris, me za ka yi da shi? A ganina wannan sayar da gona ne a sayi ƙararrawa.

Abin ya fi muni a Volkswagen Beetle, domin ita ba ta da ruwa ko lagireto. Iska ce kaɗai ke sanyaya injinta, kuma fankar tana ɗaure ne a bayan sandar dainamo ko altaneta. Duk abin da ya rage gudun wannan sanda ya rage numfashin injin. Shi ya sa a Beetle, in jar fitilar caji ta kama kana cikin tafiya, tsayawa ake yi nan take, ba a cewa bari in ƙarasa gida, don wataƙila fambel ne ya tsinke, fanka kuma ta tsaya tare da shi. Fulin sama na wannan mota ɓari biyu ne, da siraran wasa a tsakani. Cire wasa yana ɗaure fambel, ƙara su yana sassauta shi. Waɗanda aka cire ana ajiye su ne a bayan ɓarin waje, ƙarƙashin noti, ba a aljihun yaron gareji ba.

Kada kuma wani ya ce to bari a ƙanƙanta na altaneta da na famfo iyakar iyawa. Da fuli mai santimita 5, altanetar misalinmu za ta yi juyi 15,000 in inji ya kai 5,000, tsohuwar altaneta kuwa ba kowacce ke jure haka ba. Dainamo, irin na motocin da suka riga altaneta, ya fi ta rashin jure gudu, shi ya sa fulinsa ya fi girma, kuma shi ya sa ɗauko fulin dainamo a ɗora wa altaneta yake zama asara. Ƙaramin fuli kuma ba ya ba fambel wurin kamawa sosai, sai ya riƙa zamewa yana ƙara, a yi ta ɗaure shi har boris ya mutu. Famfon ruwa in ya wuce kima yakan riƙa tayar da kumfa a cikin ruwan, ruwa ya ƙi tafiya yadda ya kamata, fukafukan famfon su zaizaye.

Yaya mutum zai gane? In mota tana zafi a cunkoso amma ta huce da zarar an hau buɗaɗɗiyar hanya, ko fitilu su dushe a silo su haskaka in an taka totur, to bayan an duba ruwa da lagireto sai a dubi fuli. Mita za ta nuna wajen 12.6 a kan lafiyayyen batir in inji a kashe yake, sannan tsakanin 13.8 da 14.4 in ana caji. Wanda ba shi da mita, alli ya ishe shi, mu malamai dai ba ma rasa shi a aljihu. Kashe inji, zare makulli, ja layi a kan kowane fuli, ka juya injin da sifana sau ɗaya cif, ka ƙirga juyin altaneta. A yawancin motoci za ka samu tsakanin biyu da uku.

Duba kuma yadda fambel ya zauna. Da gefunansa yake kamawa, ba da cikinsa ba. In ya nutse har ya taɓa ƙasan kwarin, ko dai ya yi siriri ga wannan fuli ko kwarin ya cinye, kuma ko an ɗaure shi kamar tsarkiyar baka zai zame. In ka danna shi da babban yatsa a tsakiyar doguwar tazara, ya lotsa kamar santimita 1 zuwa 1.5.

Wani abu da ake mantawa: a motoci da yawa alamar da ake saita wutar inji da ita tana jikin fulin ƙasa ne, wasu kuma suna da roba a tsakiya mai shanye girgizar karanshaf. Sa na wata mota yana iya kawar da alamar daga wurinta, makaniki ya saita wuta a kan ƙarya da zuciya ɗaya. Saboda haka in za a canza altaneta ko famfo, ka karɓi tsohon ka tafi da shi kasuwa, ka ɗora fulinsa kan na sabon a gaban mai shago. In ba su yi daidai ba, a kwance tsohon fulin a mayar kan sabon kayan, muddin ramin ya dace da sandar kuma kwarinsa ya yi layi ɗaya da na sauran.