Injin da ya yi shekara biyu yana barci saboda sumunin inci

Akwai wata cibiyar koyon sana'a a jiharmu, ba zan faɗi sunanta ba, inda wani injin sassaƙa ƙarfe ya shekara biyu lulluɓe da tampol. Ba wuta ya rasa ba, ba kuma motarsa ta ƙone ba. Abin da ya rasa ƙarafuna uku ne waɗanda za ka iya zuba su duka a aljihun riga. Wani tsohon ɗalibina da ke koyo a can ne ya kai ni na gani, kuma tun ranar raina bai kwanta ba, don na gane cewa laifin ya faro ne daga irin ajin da ni kaina nake koyarwa.

Bari in yi bayanin abin, don yawancin iyaye ba su taɓa shiga ateliye ba. Injin da masu sana'a ke kira firezez yana juya wata ƴar wuƙa mai kama da bakin abin huda, ita ke cin ƙarfe har ta fidda siffar da ake so. Wuƙar ba ta tsayuwa da kanta. Ana cusa ƙotarta cikin wani ɗan bututun ƙarfe mai tsage-tsage, in aka ja shi cikin bakin injin sai ya matse ta ta kowane gefe. Masu Faransanci suna ce masa pens, a Kano kuma kolet. Ni marikin wuƙa zan ce. Ramin kowane mariki an yi shi daidai da kaurin ƙotar da zai riƙe.

Injin nan tsohon hannu ne da aka ba da kyauta, irin ƙirar Bridgeport ta Amurka, mai bakin da ake kira R8. Ya zo da akwati guda na wuƙaƙe masu kyau, dukansu a ma'aunin inci: 1/4, 3/8, 1/2. Marikan ne suka salwanta a hanya. Sai aka tashi mutum, aka ba shi kuɗin mota da na abinci, ya je neman su. Ya dawo da mariki uku sababbi ƙal, an rubuta 6, 10 da 12 a jikinsu. Milimita ke nan. Ya duba da ido, ya ga sun yi kama.

To ga lissafin da bai yi ba. Inci ɗaya milimita 25,4 ne cif, haka aka tsayar tun 1959. Rubu'in inci ya zama 6,35, don haka ba zai shiga ramin 6 ba. Rabin inci 12,7 ne, ramin 12 ya yi masa kaɗan. Sumuni uku kuwa, wato 3/8, shi ne 9,525: yana shiga ramin 10 sakwa-sakwa, da rarar kusan rabin milimita, alhali marikin R8 ba a yi shi don ya rufe irin wannan giɓi ba, ma'auninsa kaɗai yake riƙewa. Uku aka sayo, uku ba su yi ba. Aka ce kayan babu su a ƙasar, aka ja tampol.

Wannan kalma ta "babu" ita ce nake faɗa da ita. Marikin inci ba ƙahon zomo ba ne. Ana ƙera shi a Sin da Indiya da Taiwan, ana sayar da shi jeri-jeri, kuma duk ɗan kasuwar da ke iya kawo mana injin niƙa da injin ban ruwa zai iya kawo shi. Abin da babu shi ne mutumin da zai rubuta a takarda: R8, 1/4, 3/8, 1/2, ya miƙa wa mai oda. Ka je Katako a Yamai ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ce "ina son abin da ke riƙe wuƙar inji", mai shago zai ba ka abin da ke gabansa, kuma ba shi da laifi.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan. Kamfanin Rego-Fix na Suwis ya fito da wani irin mariki a farkon shekarun 1970, ana kiransa ER, yanzu kowa yana ƙera shi. Bambancinsa shi ne tsage-tsagensa sun fito ta baki biyu, don haka kowane ɗaya yana iya matsewa har milimita guda. Wanda aka rubuta wa 7-6 zai riƙe 6,35. Na 10-9 zai riƙe 9,525, na 13-12 zai riƙe 12,7. Jerin ER32 guda sha takwas ne, daga 3 zuwa 20, kuma ana sayar da kan da ke haɗa shi da bakin R8. Da kai ɗaya da jeri ɗaya, injin nan zai ci wuƙar inci da ta milimita duka. In aikin mai tsananin daidaito ne, akwai ER da aka yi a inci kai tsaye, don mariki ya fi riƙo da kyau in ƙotar ta yi kusa da cikakken raminsa. Sai dai a kula da wani tarko: sandar da ke jan marikin R8 daga sama zarenta na inci ne, 7/16 mai zare 20 a kowane inci. Kauri ya kama 11,1 ke nan. Wanda ya ce ai kusan 12 ne, ya murɗa ƙusar M12 da ƙarfi, ya kashe zaren.

Duk wannan bayani bai cika shafi guda ba. Me ya sa babu wanda ya san shi a wurin da ake ba yara takardar shaidar sana'a?

Na ji amsar da ake bayarwa, kuma na ji ta daga bakin abokan aikina. Suna cewa mu ƙasar mita ce, tsarin mita shi ne na kimiyya, inci kuwa tsohon yayi ne da Amurkawa suka ƙi saki, don me za mu rikita yara da ma'auni biyu. Ban musa cewa mita ta fi sauƙi ba. In da ni ake shawara, da duniya duka ta koma kanta. Amma yaro ba a duniyar da nake so zai ci abinci ba, a kasuwar Maraɗi zai ci. Ku fita ku duba. Mai lambu a Jiratawa yana sayen injin ban ruwa ne da inci biyu ko inci uku. Bututun famfon da mai gyara ke kira 15/21 rabin inci ne aka sa masa rigar Faransanci, 20/27 kuma rubu'i uku. Lambar ƙarshe da ke jikin tayar mota, 14 ko 15 ko 16, inci ce. Sarƙar babur mai lamba 428, tsakanin gaɓa da gaɓa rabin inci ne. Kafinta yana neman ƙusa inci uku. Hatta talabijin da ke ɗakinka da inci aka auna shi. Iyakarmu da Najeriya ta fi kilomita 1.400, kuma ko da ita ma ta koma mita a hukumance, bakin ƴan kasuwarta bai koma ba. Inci yana cikin gidanmu, lakwal ce kaɗai ta rantse ba ta gan shi ba.

Sai kuma masu cewa ai Bahaushe ba ya rasa dabara. Wannan ta fi ba ni tsoro. Na ga ana yanke gwangwanin tumatir a naɗe ƙotar wuƙa don ta cika ramin. Ina girmama masu gyaranmu, da basirarsu motocin da Turai ta yar suke kai mu Tawa da Damagaram. Amma wuƙar da ke juyi sau dubu a minti ɗaya ba ta san dabara ba. In ba ta zauna a tsakiya ba sai ta riƙa ci da haƙori ɗaya, aikin ya fito a karkace, ita kuma ta dakushe tun lokacinta bai yi ba. In riƙon bai kama ba, tana iya zamewa ƙasa ta nutse cikin aikin ta karye, ɓallin kuma ba ya tambayar inda idon yaro yake. Dabarar da aka yi don an rasa kaya daban, wadda aka yi don an kasa karanta lamba daban. Ta biyun jahilci ce, mun ɗaura mata rawani.

Yanzu in dawo kanmu, mu malaman firamare, don a nan ciwon yake. Inci ba a raba shi goma-goma. Rabawa biyu ake ta yi: rabi, rabin rabi, rabin wannan kuma, har 1/16 da 1/32. Yaron da bai riƙe lissafin kaso ba, ba zai taɓa karanta shi ba. Na gwada a ajina na CM2, na rubuta 3/8 da 1/2 a allo na ce wanne ya fi girma. Hannuwa suka tashi da yawa a kan 3/8, don uku ta fi ɗaya, takwas ta fi biyu. Ban yi fushi da su ba, da kaina na yi. Mun koya musu haddar ƙa'ida da Faransancin da ba sa ji, muka bar abin da ke bakinsu. Ai muna da kalmomin tun kafin Nasara ya zo: nusufi, rubu'i, sumuni. Duk malamin zaure da ke raba gado ya san mace tana da sumuni in mijinta ya bar ƴaƴa, rubu'i in bai bari ba, ya kuma san rubu'i ya ninka sumuni. Mai awo a kasuwa ta san rabin tiya. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ba za ta yarda a ba ta sumuni uku a ce rabi ne ba, amma jikanta mai shekara shida a lakwal ya yarda. Tun 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. In hakan bai sa darasin kaso ya fara da sumuni ba, ban san amfanin da ajina zai ci ba.

Iyaye, ku ma kuna da naku. Har yanzu a gidaje da yawa, yaron da ya faɗi birbe shi ake turawa koyon sana'a, kamar wanda aka yanke wa hukunci. Ana ganin aikin hannu ba ya son kai. Ku ba ni ma'aikacin ofis nawa ne ke aiki da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita kullum. Mai tur yana yi. Idan ɗanku yana wata cibiya, ku je ku gani da idonku, ku tambayi inji nawa ke aiki, nawa ke lulluɓe, kuma me ya hana. Kuna biyan kuɗin kungiyar iyaye, tambayar haƙƙinku ce. Masu karɓar kyautar injuna kuma, kafin a yi jawabi a ɗau hoto, a buɗe akwatin a ƙirga abin da ke ciki, a rubuta irin bakin injin da zaren sandarsa a manna a bango.

Ɗalibin nawa na zauna da shi a tsakar gida da awo mai zamewa, wanda suke kira piye-a-kulis, muka auna ƙotar wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, yana raba abin da ya samu da 25,4. Da ya ga 12,7 ta ba shi rabi cif sai ya yi dariya, ya ce: "Mushe, ashe shi ke nan?" Ya rubuta jerin abin da ake bukata, layi huɗu, ya kai wa shugabansu. An ce masa a jira kasafin baɗi. Shi kuma bana yake gamawa.