Kwana 84 Ba Sa Raino

A asibitin Komfo Anokye da kowane wurin awo a Kumasi, abin da nas ke gaya wa mai jego ɗaya ne: nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba jariri. Wannan matsayin Hukumar Lafiya ta Gana ne, kuma na Hukumar Lafiya ta Duniya. Gwamnatin da ke wannan wa'azi ita ce mai Dokar Ƙwadago ta 2003, wadda sashenta na 57 ya ba mace mako 12 na hutun haihuwa. Wata 6 mako 26 ne. To, sauran mako 14 ɗin fa, wa zai shayar?

Mako 12 kwana 84 ne. Cire arba'in na wankan jego, saura 44. Idan ciki ya yi mata nauyi ta fara hutu kafin haihuwa, sai a rage daga nan. Jaririn bai gama riƙe wuyansa ba, uwar tana tsaye a tasha da asuba tana jiran trotro. Dokar ta ƙara mako 2 ga wadda ta haifi tagwaye ko ta sha wahalar haihuwa, sannan ta ba mai shayarwa awa guda a rana. Wanda ya rubuta awa guda ɗin nan bai taɓa tashi daga Adum da tsakar rana ya nufi Aboabo ba. Kafin mota ta kuɓuta daga cunkoson Kejetia awar ta ƙare, ba a yi maganar dawowa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda muke ɗora wa laifi a Zango. Duk ranar da na buɗe layi a shirina kan wannan batu, sai an samu mai bugowa ya ce matan yanzu sun fi son albashi a kan 'ya'yansu, suna jefar da jinjiri a gidan raino wurin baƙi. Malam, ka duba gidanku. Da, a babban gida ake zaune, akwai kaka, akwai gwaggo, goyo bai rasa baya. Yau ma'aurata ɗaki ɗaya suke haya, mai gida na neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, kakar kuma tana bakin titi tana sayar da koko da ƙosai don ta ci. Albashin malamar makarantar nan ko nas ɗin nan da kake zagi, sau da yawa shi ke biyan hayar. Ka ce ta zauna a gida, mun ji. Kai za ka biya?

Kuma ba abu ne da ya gagara ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 2000 ta ce kada hutun ya gaza mako 14, ta ba da shawarar 18. Jihohin Legas da Kaduna a Najeriya sun ba ma'aikatansu mata wata 6, gwamnatocinsu kuwa ba su durƙushe ba.

Waɗanda dokar ba ta ma isa gare su ba sun fi yawa. Mai tebur a kasuwa, mai wanki, 'yar kayayo da kwano a ka da goyo a baya cikin rana, ba mai ba su hutu, ranar da ba su fita ba ba a ɗora tukunya.

Gidan raino kansa ba abin kunya ba ne. Abin tambaya shi ne wane iri. Dokar Yara ta 1998 ta ce sai da izinin Sashen Jin Daɗin Jama'a ake buɗe shi. Uwa ta nemi ganin takardar, ta ƙirga jarirai nawa mace ɗaya ke kula da su, ta tambayi inda za a ajiye nonon da ta tatso idan wuta ta ɗauke. Majalisar Asokore Mampong ta fito da jami'anta su zaga lungunan Asawase da Aboabo su leƙa ɗakunan da ake tara jarirai. Ɗan majalisarmu kuma, idan ya zo gaisuwar Sallah bana, a tambaye shi matsayinsa a kan sashe na 57.