Kowane Mako Ya Tsaya Da Ƙafarsa: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Ƙaramar Sakandare Na Batsari Da Safana



'Yan'uwana malamai maza da mata, ina jinjina muku kan riƙe alli a wuraren da mutane da yawa suka nemi a yi musu canjin wurin aiki. Magana ɗaya ta sa na ɗauki alƙalami: yadda kuke tsara aikin aji na mako-mako, da yadda labarin wannan aiki da na bukukuwan makaranta yake isa gida wurin iyaye.

Waɗanda suka tsara manhaja sun yi lissafinsu ne a kan shekara mai zango uku, kowane zango ya tafi sumul daga ranar komawa har ranar hutu. Ku kun san ba haka shekara take ba a bakin dajin Rugu. Da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantu, yara suka watse ba tare da an rufe zango yadda aka saba ba. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni ba a kira ba a amsawa. Akwai lokacin da azuzuwa a garin Batsari suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Ko a shekarar da hankali ya kwanta, zango na uku yana faɗawa cikin shuka da noman farko, zango na ɗaya kuma yana haɗuwa da girbi. Ga ranar kasuwa, wadda ba sai an buɗe rajista ba kafin a san ta zo.

Malamin da ya tara komai sai ƙarshen zango, gwaji da maki da ganawa da iyaye, yana iya wayar gari ya tarar ƙarshen zangon bai zo ba. Saboda haka shawarata ita ce ku riƙa lissafi da mako. Kowane mako ya zama yana da farko da ƙarshe, yana da abin da aka koya, aka gwada, aka rubuta, aka kuma sanar da gida. In an samu mako goma sha biyu a jere, alhamdu lillahi. In shida aka samu, to shidan nan sun shiga hannu, ba wanda zai ƙwace su.

Ku fara da kusurwar allo. Ranar Litinin da safe, malamin aji ya ja layi a gefen dama ya rubuta abin da makon ya ƙunsa, cikin layi huɗu ko biyar, misali: "Mako na 5. Lissafi: kaso cikin ɗari. Kimiyya: sassan tsiro. Aikin gida: tambaya biyar, a kawo ranar Laraba. Gwaji: Juma'a da safe. Iyaye: ana gayyatarku ranar Talata mai zuwa da hantsi." Kowane yaro ya kwafe a shafukan ƙarshe na littafinsa, kada a goge sai Juma'a. Wannan ba ya cin ko sisi, ba ya buƙatar injin buga takarda ko wutar lantarki, kuma minti goma ya ishe shi. Ku rubuta shi da Hausa. Jarrabawa da Turanci take zuwa, ba mai musun haka, amma wannan saƙo na gida ne, na uwar da ke bakin murhu da uban da ya dawo daga gona. Inda kuka san magidanci ya fi sabawa da ajami, ku bar yaron ya ƙara layi ɗaya da ajami. Ku ce wa yara su karanta wa na gida da baki, wani babba ya sa hannu ko ya yi alama. Uban da aka gaya masa tun Litinin cewa akwai gwaji ranar Juma'a zai yi tunani kafin ya tura ɗansa kiwo a safiyar ranar.

Abu na biyu, ku san inda kowane yaro ya tsaya kafin ku ɗora masa kaya. Yaran da ke shigowa aji ɗaya a yau sun yi firamarensu ne a shekarun gudu da rufe makarantu. A cikinsu akwai mai riƙe da takardar gama aji shida amma bai iya haɗa baƙi ba. In ya yi shiru a bayan aji, yana kwafar abin da ke allo harafi-harafi, sai a ɗauka ya gane. A makon farko ku kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta gajeren sakin layi na Hausa da na Turanci, ya yi ɗebewa mai aro da rabawa guda ɗaya. Daga nan ku kasa su rukuni-rukuni gwargwadon iyawarsu, ku ware ɗan lokaci a kowane mako don cike gurbin. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya da wannan hanya ta yi suna, wato koyar da yaro daga matakin da yake, ba daga ajin da aka rubuta sunansa ba, kuma ƙasashen Afirka da dama sun ɗauka. A nan gida ma shirin RANA, wanda aka gudanar a Katsina da Zamfara, ya koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake tunani da shi ya fi saurin kama na Turanci. Kada kunya ta hana ku koyar da haɗa baƙi a sakandare. Abin kunyar shi ne yaro ya kai aji uku, ya zauna jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, bai iya karanta tambayar da ke gabansa ba.

Abu na uku, aikin gida ya dace da gidan da za a kai shi. Ku dubi yinin yarinya 'yar aji biyu: ta taso daga makaranta da azahar, ga ɗibar ruwa, ga wanke-wanke, wataƙila ga talla, da la'asar ga islamiyya, bayan magariba kuma hasken da ke gidan bai wuce tocila ɗaya ba. Namiji ma yana da gona da yankan ciyawa da makarantar allo. In malamai biyar suka ba da aiki rana ɗaya ba tare da sun tuntuɓi juna ba, abin da zai faru sananne ne: da safe a zauna a gindin bishiya a kwafe na mai ƙoƙarin aji. Ku zauna a ofishin malamai ku raba ranaku, kowane darasi da ranarsa, kuma aikin kada ya wuce abin da za a gama cikin minti ashirin da hasken rana. Sa'an nan ku ɗauko tambayoyin daga abin da gida ya sani. In an sayi tiyar gero naira 2,000 da kaka aka sayar 2,500 da bazara, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? Uban da bai taɓa shiga aji ba zai faɗi ribar kafin yaron ya buɗe littafi, yaron kuma ya nuna masa yadda take zama kashi 25. Malamin kimiyya ya sa a shuka wake a gwangwani, a riƙa auna tsawonsa ana rubutawa. Malamin Hausa ko na zamantakewa ya tura yara wurin kakanni su tambayo tarihin Ruma, ko asalin sunan unguwarsu a Runka ko Wagini ko Zakka, su rubuto shafi ɗaya. Irin wannan aiki yana sa gida ya ji yana da hannu a karatun.

Abu na huɗu, ku duba abin da kuka ba da. Aikin da ba a duba ba yana koya wa yaro cewa wahalarsa ba ta da mai gani. Na san aji ya cika, malami ɗaya kuma yana riƙe da darasi biyu ko uku. Mafita ita ce a rage yawa: tambaya biyar ranar Juma'a, yara su yi musayar littattafai, a gyara tare a allo, malam ya bi layi yana sa hannu yana shigar da maki a take. Da haka makin cikin zango, wanda kowa ya sani da si'e, zai taru da gaskiya, ba sai an zauna daren haɗa sakamako ana ƙirƙiro lambobi ba. Wannan amana ce, kuma za a tambaye mu. Akwai wata fa'idar da ta keɓanta da yankinmu. In tashin hankali ya kori iyali zuwa Katsina ko Dutsin-Ma ko Kurfi, ba mai tsayawa neman takardar canjin makaranta. Abin da yaro zai fita da shi bai wuce littafin da ke jakarsa ba. In shafukan ƙarshe na ɗauke da jerin makonni, da abin da aka koya, da makin da ya ci, da sa hannun malaminsa, malamin da ya karɓe shi a can zai san daga inda zai ɗora.

Abu na biyar, ku bi sawun wanda bai zo ba. Kowane yaro ya kasance yana da abokin karatu ɗan unguwarsu, wanda zai kai masa abin da aka rubuta. In ɗalibi ya yi kwana uku ba a gan shi ba, a aika gida a tambayi lafiya, da lafazin jaje, ba da barazanar kora ba. Ku fi sa ido a kan 'yan mata na aji biyu da uku, domin a nan ne fashin kwana uku yake zama fita ta har abada. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, amma gini da tallafi ba za su lura da kujerar da ta zama fanko ba, malamin aji ne zai lura. Waya ma tana da amfani. Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, an gwada a ƙasar Botsuwana tura wa iyaye 'yan tambayoyin lissafi ta saƙon waya kowane mako, wasu kuma aka haɗa musu da gajeren kira daga mai koyarwa. Waɗanda aka haɗa musu da kira su ne suka nuna ci gaba na zahiri. Ku yi amfani da wannan in hali ya yi, amma ku da kuka ga 2021 kun san takarda da baki su ne madogara, waya ƙari ce.

Sai bukukuwa. Makarantar da ba ta da ranar murna yara ba sa ɗokin zuwa cikinta, don haka kada tsoro ya sa ku soke komai. Ku dai rage girma ku ƙara yawa. A farkon zango shugaban makaranta ya zauna da kwamitin al'umma na SBMC da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai a tsayar da ranaku: gasar kacici-kacici, muhawara, musabaƙa, wasannin tsakanin gidaje, Ranar Yara ta 27 ga Mayu, ranar ba da kyaututtuka. A kauce wa ranar kasuwa da makon shuka, a lura da azumi. A fara da hantsi a tashi kafin azahar, yadda 'yan ƙauyukan nesa za su isa gida rana na sama. Sanarwa ta bi ta littafin yaro da bakin mai unguwa da liman, a kuma shaida wa hakimi da jami'an tsaro tun da wuri. Ranar da za a tara ɗaruruwan yara a fili ɗaya ba abin bazawa a Facebook ba ce. Hotunan sa jira har kowa ya koma gida.

Kada biki ya zama hanyar karɓar kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma wajibi ne. Duk ranar da aka ce a kawo kuɗin riga ko na kujera, yaran da suka fi buƙatar makaranta su ne za su fara ɓuya. Kuma kada taron iyaye ya zama na jawabai da roƙon gudummawa kawai. Ku jera littattafan yara a kan tebur, kowane uba ya buɗe na ɗansa, yaron ya karanta masa sakin layi ɗaya a gaban malam. Ku ware wa iyaye mata zamansu tare da malamai mata, domin su ne suka san dalilin da ya sa yarinya ta makara. A wajen fitowa gasa kuma kada kullum a riƙa tsayar da yara biyar ɗin nan da aka saba. Wanda ya tashi daga haɗa baƙi zuwa karanta shafi guda shi ma ya cancanci a kira sunansa a tafa masa. Ku sa gasar rubuta labari da Hausa a cikin jerin. Abubakar Imam yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Malamin aji ne kamarku, kuma gasa ce ta fito da shi.

Ban manta da abin da ke kanku ba: albashin da ba ya kai wata, doguwar hanya a kan babur, azuzuwan da ba kujeru, da fargabar da kowa ke kwana da ita. Waɗannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati da ma'aikatar ilimi, kuma ya kamata a ci gaba da faɗa musu ba tare da gajiyawa ba. Amma duk abin da na lissafa a nan yana hannunku, ba ya jiran takarda daga Katsina. Ina roƙonku, ranar Litinin mai zuwa kowane malamin aji ya ja layin nan a allo, ya rubuta aikin makon da Hausa, ya tabbatar ya isa gida, ranar Juma'a kuma ya gwada ya rubuta maki. Shugabannin makarantu su zagaya su duba, iyaye kuma su riƙa cewa a kawo littafi su gani.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya tsare ku da ɗalibanku, Ya sa albarka a aikinku.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a aikin koyarwa.