Takardar bincike a jakar makarantar 'yarki: kafin ki sa hannu ko ki yaga

 Yau maganar wata takarda za mu yi, wadda wasunku sun riga sun gani, wasu kuma tana nan tafe. Yarinya 'yar aji shida na firamare ko 'yar ƙaramar sakandare ta dawo daga makaranta ta miƙo miki ita: "Umma, an ce ki sa hannu, gobe za a karɓa." A samanta akwai tambarin wata jami'a ko ƙungiya. A ciki an ce ana neman yara 'yan shekara 10 zuwa 14 domin bincike kan kyakkyawar mu'amala tsakanin yara da abokansu da mutanen da suke zaune da su.

Wata uwar tuwo na kan wuta, sai ta dangwala hannu ta ce a mayar, ai daga makaranta ta fito. Wata kuwa da ta ji kalmar "mu'amala" shi ke nan, ranta ya ba ta an zo koya wa 'yarta zance da samari, sai ta yayyaga takardar ta watsa a murhu. Ni ta biyun na fi fahimta, duk da ban goyi bayanta ba, domin mutumin Kano da ya ji an ce "bincike" da "yara" a magana ɗaya yana da dalilin da gabansa zai faɗi.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta yi wa Arewa mummunar ɓarna, dubban mutane suka rasu. Ana cikin wannan hali ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka a Asibitin Zana da ke nan Kano, suka yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, su dai sun kai yara asibiti ne neman magani. Aka yi ta shari'a a nan gida da Amurka. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, dala dubu 175 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta na tabbatar da dangantaka. Shekara goma sha biyar ke nan. Da aka dakatar da allurar shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To amma ki dubi ainihin abin da ya ci wa iyayen nan rai: ba a gaya musu ba, ba a tambaye su ba. Takardar da ke jakar 'yarki ita ce abin da su ba su samu ba. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi. Duk mai son yin bincike da mutane sai ya kai tsarinsa gaban kwamitin ɗa'ar bincike an duba an amince. Asibitin Malam Aminu Kano yana da irin wannan kwamiti, Ma'aikatar Lafiya ta jihar Kano ma tana da nata. In yaro ne kuwa, sai an nemi yardar iyayensa ko waliyyinsa. Wato takardar dama ce aka miƙo miki ta yin tambaya, kuma wadda ta yaga da wadda ta dangwala duk sun bar damar ta wuce.

Me ya sa sai 'yan shekara 10 zuwa 14? Domin su ne aka fi mantawa da su. Yaro ƙasa da shekara biyar ana auna shi, ana yi masa rigakafi, ana ƙirga shi. Babban binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yi lokaci-lokaci kuma daga 'yan shekara 15 yake fara tambaya. Na tsakiyar nan, waɗanda jikinsu ke canzawa, aka fara aikensu kasuwa su kaɗai, aka fara tsayar da su a lungu ana ce musu "'yanmata ji mana", kusan ba mai jin ta bakinsu. Wannan giɓi ne ya sa Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi wani bincike a ƙasashe 15 kan yara masu waɗannan shekaru, suka zauna da yaran da iyayensu, aka fitar da sakamakon farko a 2017. Sun gano cewa tun yaro yana kusan shekara goma ya riga ya haddace abin da ake tsammani daga namiji da wanda ake tsammani daga mace, kuma da balaga ta zo sai a ƙuntata wa yarinya zirga-zirga a sakar wa yaro mara. A Najeriya Ile-Ife aka je. Yaran Ife 'ya'yanmu ne, amma rayuwar yarinyar da ke zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, ta ɗauki farantin talla ta bi Kurmi ko Ƙofar Ruwa, daban take da tasu. Ƙaramar hukumar Dala kaɗai ta haura mutum dubu 400 tun a ƙidayar 2006. In duk muka rufe ƙofa, da amsoshin 'ya'yan wasu za a tsara shirye-shiryen da za a kawo wa namu makarantun, sannan mu zo muna cewa ba su dace da al'adarmu ba.

Akwai kuma abin da ba ma son ji. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi binciken cin zarafin yara a faɗin Najeriya, ta tambayi matasa 'yan shekara 13 zuwa 24. Shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18. Ɗaya cikin 'yanmata huɗu, da ɗaya cikin yara maza goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Akasarin masu aikatawa mutanen da yaran suka sani ne, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ba a san wannan ba sai da aka tambayi yaran da kansu, domin uwa ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba. Ku lura, har da maza. Mu iyaye mata idonmu yana kan 'ya mace, shi kuwa ɗa namiji in ya fita tun safe sai magariba ba mai tambayarsa da wa ya wuni.

Saboda haka ra'ayina shi ne a bar yara su shiga irin wannan bincike, amma bayan an tsare masu binciken da tambaya. Farko ki ce su ba ki tambayoyin da za a yi wa yarinyar ki gani, da Hausa. Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin wannan. In akwai dalilin da ba za su bar takardar tambayoyin ta kwana a gidanki ba, to su zauna su karanta miki, ko su gaya miki batutuwan ɗaya bayan ɗaya ba rufa-rufa. Yawancinsu tambayoyi ne irin su: wa kike gaya wa in abu ya dame ki, ana tsokanarki a makaranta, kina da waya, wani ya taɓa turo miki abin da ba ki so. Wasu binciken kan shiga maganar balaga da taɓa jiki. Haƙƙinki ne ki san wanne ne aka kawo miki, ki auna shi da shekarun 'yarki da addininki. Daga nan ki nemi sunan kwamitin da ya amince da aikin da lambar amincewar, da lambar wayar wani a kwamitin wanda ba ya cikin masu binciken. In aka fara kame-kame a nan, ki ninke takardar ki mayar musu.

Za su ce miki sun je wurin hakimi, mai unguwa ya sani, liman ya sa albarka, shugabar makaranta ta yarda. Madalla, haka ya kamata baƙo ya shigo gari. Amma yardar mai unguwa izinin shiga unguwa ce, ba izinin zama da 'yarki ba. Kada kunyar manya ta sa ki sa hannu. Haka nan kada ki sa hannu a ɓoye ba da sanin maigida ba. Ranar da ya ji a bakin wani a majalisa, yarinyar ce za ta sha faɗan, ke kuma ki sha naki. Ki kai masa maganar bayan kin gama tambayoyinki, yadda in ya ce "su waye?" kina da amsa.

Ki tambayi wanda zai zauna da ita, kuma a ina. Mace ga mace, namiji ga namiji, a wurin da ake hango su amma ba a jin abin da suke faɗa, kamar gefen farfajiyar makaranta. Ba ɗaki a rufe ba, ba kuma a ɗauke ta a mota zuwa wani wuri ba tare da kin sani ba. A binciken 2014 ɗin can ma, unguwannin da aka tambayi mata daban ne da waɗanda aka tambayi maza, don kada wanda ya cuci yarinya ya gane abin da ake tambayarta. Masu aiki da hankali har irin wannan suke lissafawa. Za a naɗi murya? Za a ɗauki hoto? Ina za a ajiye, wa zai gani, yaushe za a goge? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ake tattara bayanan yaro. Abin da za a ba yarinyar kuma, in littafi ne da biro, ko kuɗin mota da ɗan lemo, ba laifi. In aka ambaci kuɗin da zai sa ki kasa cewa a'a a wannan tsadar rayuwa, to a nan ya kamata ki ƙara buɗe ido.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya. Za su gaya miki cewa abin da yarinyar ta faɗa sirri ne, ba za su sanar da ke ba. Na san yadda wannan ke sukar zuciyar uwa. Ni na haife ta, na yi mata wanka na goya ta, sannan wata baƙuwa ta ji abin da ni ba zan ji ba? Amma ki tuna kanki kina shekara goma sha biyu. Nawa ne daga abin da ke ranki kika iya faɗa a gaban Innarki? Kunyar da muka tashi da ita, wadda ta sa wata uwar ko sunan ɗan farinta ba ta faɗa, ita ce take rufe bakin yara a gabanmu. In yarinya ta san maganarta za ta dawo gida, amsar da za ta faranta miki za ta bayar, aikin ya tashi a banza. Sai dai sirrin yana da iyaka, kuma a kan iyakar za ki tsare su: in 'yata ta gaya muku wani yana cutar da ita, me za ku yi? Ya kamata su ce za su gaya wa yarinyar tun kafin a fara cewa irin wannan ba a ɓoye shi, kuma su faɗi inda za su tura ta da sunansa. A Asibitin Murtala akwai cibiyar Waraka, wadda ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe da cin zarafi. Jihar Kano kuma tana da dokar kare yara tun 2023. Mai binciken da zai tono ciwon yaro ya rubuta a kwamfuta ya tafi, bai tanadi inda zai kai shi ba, bai cancanci sa hannunki ba.

Ita ma yarinyar tana da tata yardar. Ko kin sa hannu, in ta ce ba ta so, magana ta ƙare. In ta fara ta ji wata tambaya ta yi mata nauyi, tana iya tsallake ta, tana iya tashi, kuma ba malamin da ke da ikon rage mata maki ko ya dake ta a kan haka. Yaranmu an hore su da cewa ba a musu da babba, don haka ke ce za ki gaya mata wannan da bakinki tun a gida. Kuma in ta dawo kada ki tsare ta da "me suka tambaye ki, me kika ce?" Ki ce mata dai, "Ya aka ƙare? Akwai abin da bai yi miki daɗi ba?" In tana son faɗa za ta faɗa, wataƙila ba ranar ba, wataƙila wata rana kina yi mata kitso.

Abu ɗaya da nake so masu binciken su ji, in suna karanta mu: makaranta ce hanya mafi sauƙi ta samun yara, shi ya sa kuke bin ta. Amma 'yar talla da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye da almajirin da ke wanke-wanke a gidajen Gwammaja da Yalwa ba sa cikin rajistar kowace makarantar boko, kuma su suka fi zama a bakin haɗari. Wa zai sa wa 'yar aiki hannu, uwar ɗakinta ko uwarta da ke can ƙauye? Wahalar wannan tambaya ba dalili ba ce ta tsallake su.

Sannan ba kowane "bincike" ke zuwa da takarda ba. Wani ta WhatsApp yake shigowa ko TikTok, kai tsaye zuwa wayar da kika ara wa yarinya ta yi aikin gida: cika wannan fom ki samu katin waya, turo hotonki da sunan makarantarku. Duk wanda ya tsallake ki ya nufi 'yar shekara goma sha biyu kai tsaye, ko wane suna ya ba kansa, ki toshe lambar ki sanar da makaranta. Na gaskiyar kuwa, ranar da kika yanke shawarar sa hannu, ki ce a ba ki kwafinki. Ki ɗauki hotonsa da wayarki, gaba da baya, yadda lambar kwamitin za ta fito sosai, ki ajiye takardar inda kike ajiye katin rigakafin yara.