Waƙa ilimi ce: abin da Narambaɗa ya bar mana

Ƴan uwa matasan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, yau ina so mu tattauna kan makaɗanmu, mutanen da muke kira maroƙa muna taɓe baki.

Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, bai ɗauki kansa maroƙi ba. A Bakandamiyarsa, waƙar da ya yi wa fasaharsa kirari, ya jera aikinsa da na Alfazazi, mai Ishiriniya. Wasu za su ce cika baki ne. Ni ina ganin matsayi ya bayyana: waƙa ilimi ce, ana koyon ta, ana tsara ta, ana gyara ta tare da ƴan amshi har ta nuna kafin a kai ta fada. Ku saurari Dokin Iska Ɗanhilinge ku ji yadda ya zauna ya ƙera kalmomi a kan doki guda. Wannan ba aikin mai neman dala biyar ba ne.

Ya rasu sama da shekara 60, amma har gobe ana jin sa a rediyo, jami'o'i na nazarin sa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa. Dalili ɗaya ne: an naɗi muryarsa.

To mu fa? Tibiri tana cikin Gidan Rumji. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, nan Gobirawa suka kafa sabuwar fada a 1836, zamanin Mayaƙi. Jerin sarakuna, yaƙe-yaƙe, taken kowace sarauta, da yawansu a bakin makaɗan fada suke. Haka waƙoƙin noma, na kokowa da na daka a ƙauyukan Agye da Gazawa. Tsoho ɗaya in ya kwanta dama, ya tafi da abin da babu mai maido shi. Ɗansa kuma ya ƙi gadon, ya tafi cin rani, saboda mu ne muka sa shi jin kunyar gangar ubansa.

Na san za a ce ai makaɗan fada masu mulki suke yabo. Gaskiya ne, ubangida ke ciyar da su. Amma cikin yabon akwai gargaɗi, akwai zambo, akwai tunatar da sarki abin da kakanninsa suka yi. Wanda ya zubar da wannan don yabon, ya zubar da tarihinsa ne.

Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Madalla. Amma harshe ba a takarda yake rayuwa ba.

Shawarata guda uku ce. Kowane mai salula ya nemi tsohon makaɗi ko zabiyar garinsu, ya nemi izini, ya naɗa, ya rubuta suna da gari da rana, kuma ya biya shi, don aikinsa ne. Gidajen rediyon karkara su ware musu fili kowane mako. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi su tattara, a kai kwafi cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aikinta ke nan.

A garinku wa ya rage cikin tsofaffin makaɗa? Ku je ku gaishe shi wannan mako, da salula a hannu.