Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Amfanin Motsa Jiki Cikin Natsuwa

Idan aka ambaci motsa jiki a ƙasar Hausa, abin da yakan fara zuwa zukatan jama'a shi ne 'yan ƙwallo da 'yan dambe da 'yan kokawa, ko kuwa kuratan soja masu gudu da asuba. Wannan fahimta ta sa magidanta da dattawa da matan aure sun janye jikinsu daga lamarin baki ɗaya, suna ganin harka ce ta samari masu jini a jika. Har ta kai idan aka ga magidanci yana tattaki a gefen titi da yamma, sai wani ya tsaya don ya rage masa hanya, a zatonsa motarsa ce ta lalace. Alhali kuwa irin wannan tattaki, da sauran motsa jiki mai sauƙi da ake yi cikin natsuwa, shi ne ya fi dacewa da mafi yawan mutane, kuma ya cancanci a ba shi matsayin da ake bai wa abinci da barci.

Abin nufi da motsa jiki mai sauƙi shi ne wanda ba ya jijjiga gaɓoɓi, kamar tafiya a ƙafa, da tuƙa keke a hankali, da iyo, da miƙe-miƙen jiki. Mai gudu yakan sauke nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku a kan ƙafa ɗaya duk lokacin da ya taka ƙasa, amma mai tafiya kaɗan yake ɗorawa a kan nauyinsa. Natsuwa kuwa ita ce mutum ya tattara hankalinsa a kan numfashinsa da takunsa, ya ajiye lissafin bashi da na cefane zuwa wani lokaci.

A da can, Bahaushe bai buƙaci a yi masa wannan nasiha ba, domin rayuwarsa cike take da motsi. Fatake sun yi ta taka sayyada daga Kano har Gwanja don sayo goro. Mata na daka da niƙa da jan ruwa a rijiya, maza na zuwa gona da cin kasuwannin ƙauye a ƙafa. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse, babur da a-daidaita-sahu sun karɓi aikin ƙafa. Ma'aikaci na wuni a kujera, ɗan kasuwa na wuni a kan benci, ɗalibi kuma ya duƙufa a kan waya. Sauƙi ya samu, amma ya zo da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Matsalar ta game duniya, domin alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 kimanin kashi 31 cikin ɗari na manyan mutane ba sa motsa jiki gwargwadon bukata.

Masana sun daɗe da gano illar yawan zama. A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya bayyana sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan. Ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, waɗanda ke wuni a zaune, fiye da kwandastocin da ke hawa da sauka suna karɓar kuɗi. Haka kuma a shekarar 2002 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka, wanda ya shafi mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda suka gyara cimarsu, suka kuma riƙa motsa jiki na minti 150 a mako, galibi ta hanyar tafiya da ɗan sauri, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Na waɗanda aka bai wa ƙwayar magani kuwa da kashi 31 ya ragu.

Dalilin haka a fili yake. Tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga cikin jini ta ƙona shi. Zuciya ma tsoka ce, tana ƙara ƙarfi idan ana ba ta aiki daidai wa daida, jijiyoyin jini kuma su saki. Guringuntsin gwiwa ba shi da hanyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke kai masa wannan ruwa. Saboda haka dattijon da ya daina tafiya don gwiwa na ciwo, sau da yawa ƙara wa ciwon ƙarfi yake yi.

Ta fuskar ƙwaƙwalwa, a nan ne natsuwa ke taka rawa. Mai damuwa numfashinsa gajere ne, bugun zuciyarsa da sauri. Idan ya ja numfashi mai tsawo ya sake shi a hankali yana tafiya, bugun zuciya na lafawa, tunani ya daina kai-kawo, barci kuma ya zo da sauƙi da dare. Wannan ne sirrin taici na Sinawa, wanda tsofaffi ke yi da sassafe a wuraren shaƙatawa, kuma bincike ya nuna yana rage musu yawan faɗuwa. Shi ne kuma ginshiƙin yoga ta mutanen Indiya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ranar 21 ga Yuni tun shekarar 2014.

Wani zai ce ai waɗannan al'adun wasu ne. Amsa ita ce ba dole sai an aro su ba, domin ƙafa da numfashi kowa na da su. Wani kuma zai ce babu lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na shekarar 2020, ta nemi baligi ya yi minti 150 zuwa 300 a mako. Mafi ƙarancinsa rabin awa ke nan a kwana biyar, wanda bai kai lokacin da ake ɓatawa a majalisar hira ba. Ana ma iya rarraba shi, minti goma da safe, goma da rana, goma da yamma. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida. Mai ciwon zuciya ko mai juna biyu su fara tuntuɓar likita, kowa kuma ya guji tsakar rana lokacin bazara, ya riƙa shan ruwa.

Ya rage ga malamai su koya wa yara cewa darasin motsa jiki bai tsaya ga masu cin kofi ba, ga hukumomi su tanadi gefen titi mai aminci don masu tafiya a ƙafa, ga jama'a kuma su daina kallon mai tattaki a matsayin wanda abin hannunsa ya ƙare. Rigakafi ya fi magani, kuma da wuya a sami rigakafin da ya kai rabin awa na tafiya cikin natsuwa arha.