Martani Ga Masu Cewa An Sayar Da Addini A Yarjejeniyar Samoa

Tun daga ranar 4 ga Yulin 2024, da jaridar Daily Trust ta buga labarin cewa Najeriya ta sa hannu a wata yarjejeniya ta dala biliyan 150 mai ɗauke da sharaɗin amincewa da auren jinsi, maganar ta ƙi mutuwa. An yi huɗuba a kanta, an yi alƙunutu, kuma har yau akwai masu maimaita ta a majalisa. Ina so in bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wai yarjejeniyar ta halatta luwaɗi da maɗigo. Ba ta halatta ba. Yarjejeniya ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, wadda ta gaji ta Kwatano ta shekarar 2000. An fara rattaba mata hannu a Apia, babban birnin Samoa, ranar 15 ga Nuwamban 2023, Najeriya kuma ta jinkirta sai 28 ga Yunin 2024, lokacin da ta sa hannu a Brussels. Babu inda ta ambaci auren jinsi ko sauya jinsi. Gaskiya ne Turawa sun so a sa batun ƙarara tun da aka fara tattaunawa a 2018, amma wakilan ƙasashenmu, ƙarƙashin jagorancin ministan harkokin wajen Togo Robert Dussey, suka ƙi. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, zamanin shugabancin Yakubu Maikyau, ta duba takardar ta ce babu wannan sharaɗi.

Na biyu, wai an karɓi kuɗi. Babu alƙawarin dala biliyan 150 a cikinta. Adadin da ya yi kama da shi, yuro biliyan 150, na wani shirin zuba jari ne da Tarayyar Turai ta sanar domin Afirka baki ɗaya a 2022.

Na uku shi ne wanda ya fi tsorata mutane: wai sa hannun ya rushe dokarmu. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar waje da za ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 tana nan daram, da ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsa. Sa hannun da aka yi a Brussels bai taɓa ko wasali ɗaya a cikinta ba.

Sai kuma masu cewa duk wanda ya musanta labarin yana so ne a rufe bakin malamai. A'a. Malami ɗan ƙasa ne, kuma yana da haƙƙin faɗin ra'ayinsa kan duk dokar da za ta shafi iyali da tarbiyya. Bishop-bishop na Katolika sun karanta takardar, sun nuna damuwa kan sassan da suka yi maganar lafiyar haihuwa, suna ganin an bar ƙofa a buɗe, suka nemi a gyara ko a janye. Wannan muhawara ce da za a iya yi, domin sun nuna shafi da sakin layi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a hau mumbari da saƙon WhatsApp na minti biyu a hannu, a tsine wa mutane da sunansu, alhali ba a buɗe takardar ba. Suratul Hujurat da muke karantar da yara ita ce ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci.

Kuma an cutar. Fushin da aka hura bai isa Brussels ba, a unguwa ya sauka: kan saurayin da ake zargi saboda tafiyarsa ko muryarsa, kan ɗan daudun da ke soya nama a bakin tasha, kan ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da aka riƙa nunawa da yatsa. Ko wanda ake tuhuma da laifi, kotu ce ke da hurumi a kansa, ba taron matasa da sanduna ba.

Daga baya hukumar sauraren ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta yanke cewa rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta fito ta ba da haƙuri a shafinta. Ina kira ga duk limamin da ya yi huɗuba a kan wannan labari ya koma mumbarin nan ranar Juma'a ya gaya wa jama'arsa haka.